A Raba Mai Sha Da Mai Sayarwa

Cikin watan Oktoba na 2017 aka ta da wata magana a Majalisar Dattawa a Abuja, wadda ta sa mutanen Jigawa sunkuyar da kai. Aka ce wai kullum rana ta Allah ana shanye kwalabe miliyan 3 na maganin tarin nan mai kodin tsakanin Kano da Jigawa. To, ko da a ce an yi wa lissafin ƙarin gishiri, babu mai unguwar da zai tsaya yau a Dutse, ko Kiyawa, ko Birnin Kudu, ya ce bai san gidan da wannan masifa ta shiga ba.

A ƙarshen watan Afrilu na 2018 gidan rediyon BBC ya nuna wani majigi a kan wannan shaye-shaye, ba a kwana biyu ba Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin da shigo da shi. Jama'a suka yi murna, suka ce an kashe maciji. Amma tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Kwalba ta yi tsada ta koma bayan kanta, waɗanda jikinsu ya riga ya saba kuwa ba su warke ba don an buga doka a takarda. Waɗansu suka koma tiramol, waɗansu wiwi, waɗanda ba su da hali suka koma sholisho.

Abin da mu ke so mu jawo hankalin masu karatu a kansa shi ne wannan. Mutum biyu ne cikin wannan al'amari, akwai mai sayarwa, akwai mai sha. Mai sayarwa ɗan kasuwa ne da ya ke cin riba da lalacewar 'ya'yan mutane, hakkinsa hukunci mai tsanani. Mai shan da abin ya kama kuwa majinyaci ne, hakkinsa magani. Dokarmu ta haɗa su a turmi ɗaya tana daka, shi ya sa aikin ya ƙi ci gaba.

AN DAƊE ANA GWADA BULALA

Kada wani ya zaci sakacin hukuma ne ya kawo mu nan. In dai tsanani ne, ƙasar nan ta gwada shi har iyakarsa. A 1966 gwamnatin soja ta kafa dokar tabar wiwi, ta ce mai nomanta kisa ne ko ɗaurin shekara 21, mai shanta kuwa ɗaurin shekara 10. A 1975 aka ga abin ya yi yawa, aka sassauta. A 1984 wata gwamnatin sojan ta dawo da kisa a kan masu fataucin hodar iblis da irinta, har aka harbe mutum uku a Ikko cikin Afrilu na 1985. Shekara ta zagayo aka janye kisan. A 1989 aka kafa Hukumar Hana Sha Da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, watau NDLEA, kuma dokar da ta kafa ta ta yanka ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka same shi da irin waɗannan ƙwayoyi masu ƙarfi, ko da shansu kaɗai ya ke yi. Ko a watan Mayu na 2024 sai da Majalisar Dattawa ta sake ta da zancen kisa a kan masu fatauci.

To, mu ɗora wannan tsanani na shekaru sama da hamsin a kan ma'auni, mu ga abin da ya haifa. A 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sha'anin ƙwayoyi, suka yi wani babban bincike, aka fito da sakamakonsa a farkon 2019. Aka tarar mutum miliyan 14 da dubu 300, daga masu shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye wanda ba giya ko taba ba cikin shekara guda. Watau wajen mutum ɗaya ke nan cikin bakwai. Masu shan wiwi sun haura miliyan 10, masu shan ƙwayoyin kashe zafi irin su tiramol ba da iznin likita ba sun haura miliyan 4, masu kwankwaɗar maganin tari sun haura miliyan 2. Cikin kowane mashaya huɗu, ɗaya mace ce. A yankinmu na Arewa maso Yamma an sami 12 cikin 100, a Kano maƙwabciyarmu kuwa 16 cikin 100. Wajen mutum miliyan 3 a ƙasar duka abin ya zama musu ciwo, ba su iya bari da kansu.

Wane gidan yari ne zai ɗauki mutum miliyan 3? Gidajen yarin da mu ke da su sun riga sun cika sun batse, galibin waɗanda ke ciki ma jiran shari'a su ke yi. Yaron da aka kama da ƙulli ɗaya na wiwi a tasha, in aka jefa shi can, sai ya kwana da ɓarayi da 'yan fashi, ya shiga ɗalibi ya fito malami. Ya fito ba sana'a, ba makaranta, ba mai ba shi 'ya, ba mai ɗaukarsa aiki. Ina zai nufa in ba wurin tsofaffin abokansa ba? Likitoci kuma sun tabbatar da cewa kwanakin farko bayan sallama su ne mafi hatsari ga mai shan ƙwayoyin kashe zafi, domin jikinsa ya huta, shi kuwa sai ya koma kan adadin da ya saba, abin ya fi ƙarfinsa.

YADDA ABIN KE KAMA MUTUM

Mutane da yawa sun ɗauka duk mai shan ƙwaya ɗan iska ne. Akwai 'yan iska, ba mu musa ba. Amma ku duba da kyau ku ga ta ƙofar da yawancinsu su ke shiga. Ga ɗan ƙodago da zai wuni yana huɗa a gonar wani, aka ce masa in ya sha guda ɗaya zai yi aikin mutum biyu. Ga mai dakon buhu a kasuwar Shuwarin, ga ɗan acaɓa, ga direban da zai kwana bisa hanya. Ga ɗalibi mai tsoron jarrabawa. Ga matar aure cikin kulle wadda baƙin ciki ya hana ta barci, wata ƙawa ta miƙo mata kwalba. Babu ɗayansu da ya fita da niyyar lalacewa.

Ita tiramol magani ce ta gaskiya, likita kan ba da ita ga mai ciwo, mai lamba 50 ko 100. Wadda a ke shigo da ita ta ɓarauniyar hanya kuwa har mai lamba 225 akwai. Halinta shi ne, in mutum ya lizimce ta, abin da ya ishe shi jiya ba zai ishe shi gobe ba, sai ya ƙara. In ya yawaita takan kā da shi kamar mai farfaɗiya. Ran da ya ce ya bari kuwa, sai jiki ya yi masa tawaye, ga gumi, ga ciwon gaɓoɓi, ga gudawa, ga rashin barci. A nan ne yawancinsu ke komawa, alhali kuwa da zuciya ɗaya suka tuba. Nasiha tana da amfani, addu'a tana da amfani, amma wanda ya kai wannan matsayi yana bukatar likita ya saukar da shi sannu a hankali, kamar yadda a ke saukar da kaya daga kan raƙumi. In ya koma bayan ya bari, ba a cewa magani ya ƙi. Mai hawan jini ma jininsa kan sauka ya sake hawa, ba a kore shi daga asibiti don haka.

Binciken nan na 2018 ya nuna cewa cikin waɗanda shansu ya yi nisa, kusan 40 cikin 100 sun ce suna bukatar magani. Abin da ke tare su uku ne, tsada, da kunya, da rashin wurin zuwa.

IN HUKUMA BA TA BUƊE ƘOFA BA

Uwa ba ta iya zuba ido ɗanta yana lalacewa. In ba ta sami asibiti ba, za ta kai shi inda ta samu. Kowa ya tuna abin da ya faru a 2019. Cikin watan Satumba 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum wajen 300, waɗansu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabon duka. Cikin Oktoba aka sami irinsa a Daura. Da yawa daga cikin mutanen nan iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, don a raba su da shaye-shaye. Aka rufe gidajen, aka yi daidai. Amma ina aka buɗe wa iyayen nan a maimakonsu? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu a nan Jigawa akwai asibitin masu taɓin hankali a Kazaure, a Kano kuma akwai na Dawanau. Amma ku auna wahalar talaka na ƙauyen Gwaram ko Buji da zai ɗauki ɗansa ya ratsa ƙasar Kano ya kai shi Kazaure, ya bar gonarsa, ya ci da kansa a can. Ga kuma abin da ya fi kuɗin mota nauyi, watau a ji a gari cewa an kai ɗan wane asibitin mahaukata. In 'ya mace ce ma sai a rufe ɗaki a yi shiru, har abin ya kai inda ba ya gyaruwa.

DARASI DAGA GIDA

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Dattawan da suka yi aikin En'e, tun Dutse tana gunduma a ƙarƙashin Kano, sun san yadda aka yi da kuturta. A dā wanda ta kama sai ya ɓoye tabonsa cikin riga, gama ya san in aka gani za a raba masa ƙwarya, a fitar da shi bayan gari. Ɓoyon nan kuwa shi ya ke ba cutar damar yaɗuwa. Cikin shekarun 1950 aka kawo ƙwayar maganinta, aka riƙa raba ta a ƙananan ɗakunan shan magani, mutum ya zo ranar da aka yanka, malamin asibiti ya duba littafi ya ba shi, ya koma gonarsa. Da mutane suka ga ana warkewa ba a raba mutum da iyalinsa, sai suka riƙa fitowa da kansu. Sunan asibitin kutare na kusa da Kano ma kaɗai ya isa wa'azi, Yadakunya.

Na biyu, a 1954 wani likita ɗan ƙasar nan, Dokta Adeoye Lambo, ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta. Maimakon kulle masu taɓin hankali, sai ya saukar da su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan'uwansa mai jinyarsa, da rana su zo a duba su. Bai kuma raina masu maganin gargajiya ba, ya jawo su jiki suka yi aiki tare. Tsarin nan ya yi suna har ƙasashen Turai. Abin da aka iya a Aro shekara saba'in da suka wuce, me zai hana a iya shi a Dutse?

ABIN DA WAƊANSU ƘASASHE SUKA YI

A 2001 ƙasar Fotugal ta sāke dokarta. Ba ta halatta ƙwaya ba, mai fatauci har yanzu ɗauri ne. Amma wanda aka samu da ɗan abin da bai wuce shansa na kwana goma ba, sai a tura shi gaban wani ƙaramin kwamiti na masana shari'a da lafiya da jin daɗin jama'a, su duba halinsa, su nuna masa hanyar magani. Bayan haka masu kamuwa da cutar ƙanjamau ta hanyar allurar ƙwaya suka ragu ƙwarai. A nan kusa, a 2014, wani kwamitin manyan Afirka ta Yamma da Kofi Annan ya kira, tsohon shugabanmu Olusegun Obasanjo ya shugabanta, ya ba da shawara a ɗauki shan ƙwaya a matsayin sha'anin lafiya, a juya ƙarfin hukuma kan manyan dillalai. A 2020 ƙasar Gana ta yi sabuwar doka, ta sa tara a maimakon ɗauri ga wanda aka samu da abin shansa kaɗai.

Amma akwai gargaɗi. Jihar Oregon ta Amurka ta janye hukunci a kan mashaya bayan ƙuri'ar da aka jefa a 2020, alhali wuraren jinya ba su wadata ba. Abin ya rikice a tituna, har a 2024 suka dawo da hukuncin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai an tanadi gadon asibiti tukuna, sa'an nan a ce wa alƙali ya tura mutum can.

MASU CEWA WANNAN SAKE NE

Lalle za a sami mai cewa, in aka daina ɗaure mashayi ai an ba yara lasisi ke nan, addini kuma ya haramta maye. Wannan magana ta masu kishin tarbiyya ce, ba abin rainawa ba ce. Amsarmu ita ce, haram tana nan haram, babu wanda ya ce a halatta. Wanda ya yi tukin ganganci ya karye, ana ɗora shi, ba a ce masa tun da laifinsa ne ya tafi da karayarsa. Wanda ya yi sata ko ya sari wani cikin maye, a hukunta shi a kan abin da ya aikata. Sa'an nan zaman jinya ba hutu ba ne. Wanda alƙali ya ɗora wa zuwa asibiti wata shida, ana gwada shi, ana rubuta zuwansa, ya fi jin nauyi bisa wanda ya yi wata uku a ɗaure ya fito ba mai tambayarsa. Ɗan sandan da ya huta da bin yaran tasha kuma, sai ya sami sukunin bin mai mota da mai sito.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Shari'ar ƙwayoyi ta Gwamnatin Tarayya ce, a babbar kotun tarayya a ke yinta, sabo da haka gyaran doka aikin wakilanmu ne na Abuja. Muna roƙonsu su sa a rubuta a fili adadin da ya raba mai sha da mai sayarwa, a kuma ba alƙali iko bayyananne na tura mai sha jinya tun a karon farko. An riga an share hanya. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta yarda da hukuncin da ba na ɗauri ba, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu na 2023 kuma ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ita kanta NDLEA tana da sashen ba da shawara da gyaran hali, sai dai ya yi kaɗan ga yawan masu bukata.

Gina wurin jinya kuwa ba sai an jira Abuja ba, aikin jiha ne da ƙananan hukumomi. A keɓe ɗaki da gadaje a manyan asibitocin Dutse da Birnin Kudu da Jahun, cikin asibitin kowa da kowa, yadda mai shiga ba za a san abin da ya kawo shi ba. A koya wa malaman ƙananan asibitoci na gundumomi yadda za su gane ciwon, su yi abin da za su iya, su tura wanda ya fi ƙarfinsu gaba. A yi wa mata nasu wuri, mata su duba su. Gidajen malamai masu karɓar irin waɗannan yara a yi musu rajista, a riƙa kai musu ziyara, a hana mari da duka, a haɗa kowane gida da likita. Wanda ya warke a ɗora shi kan sana'a, ko noman rani, ko renon dabinon da Dutse ta yi suna da shi, gama zaman banza shi ne babban dillali. Kantunan magani da masu tallarsa a faranti ranar kasuwa kuma a sa musu ido sosai.

GARE KU MALAMAN OFIS DA NA MAKARANTA

Doka komai kyaunta a hannunku ta ke rayuwa ko ta mutu. Kai malamin makaranta, kai ne ka ke fara ganin alama tun uba bai gani ba, yaro mai ƙoƙari ya koma gyangyaɗi a aji, ido ya yi ja, littafi ya ɓace. In ka tsai da shi gaban taron ɗalibai ka tozarta shi, ka kore shi, ka miƙa shi ga dillali hannu da hannu. Kira shi gefe, ka nemi ubansa a asirce, ka nuna musu ƙofar asibiti. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Kai kuma akawu, ko magatakardan hakimi, ko mai riƙe da littafin asibiti, amanarka ita ce rufin asiri. Suna ɗaya in ya fita daga littafinka ya shiga bakin 'yan shayi, gidaje ɗari za su rufe ƙofa, ba mai sāke kawo nasa. Ku ne kuma masu tsara kasafin ƙaramar hukuma, ku tuna da wannan aiki sa'ad da a ke raba kuɗin lafiya. Ku riƙa ba hakimai da dagatai da limamai labarin gaskiya, su gaya wa talakawa cewa wannan ciwo yana da magani.

Yaran nan da mu ke wucewa a bakin tasha muna kau da kai, ba daga sama suka faɗo ba. Kowannensu an yanka masa rago, an raɗa masa suna, wani malami ya taɓa kiran sunan nan a rajista ya amsa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A tsananta wa mai sayarwa, a yi jinyar mai sha. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, amin.